Asabar shida a ajin diplomasiyya: ko jika talatin ɗin ta biya?

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, kuma abin da ya sa na biya kuɗi na koma ɗalibi bayan shekaru da dama ina riƙe da alli, wata tambaya ce da ta fi ƙarfina. A damanar 2024, lokacin da hayaniyar Yarjejeniyar Samoa, wadda Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, ta tashi a Najeriya, saƙonnin murya sun tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa sun cika wayoyinmu, kowane da nasa ƙarin gishirin, har ana cewa an sayi ƙasa guda a kan dalar Amurka biliyan 150 don ta halatta auren jinsi. Da aka koma makaranta, wani ɗalibina ya miƙe a gaban aji ya tambaye ni ko gaskiya ne, kuma in gaskiya ne, ta wace hanya wata ƙasa take iya tilasta wa wata ta sauya dokarta. Na yi ƴan kewaye-kewayena irin na malamai har aka buga ƙararrawa, amma ni da shi duk mun san ban amsa ba. Saboda haka da na ga sanarwar wata cibiyar horo mai zaman kanta cewa za ta buɗe darasi a kan haƙƙin ɗan Adam a cikin siyasar harkokin waje, bayan ƙaramar Sallah, sai na je na ba da sunana.

Cibiyar tana hawa na biyu na wani bene da ke bakin kwalta, sama da shagon masu sayar da kayan babur. Kuɗin horon sefa 30,000 ne, wato jika talatin, ana iya biya sau biyu, kuma a cikinsa akwai kundin darasi, da ruwan leda, da takardar shaida a ƙarshe. Ana shiga ƙarfe tara na safe a tashi da azahar, Asabar shida a jere. Mu goma sha tara ne: ƴan jarida uku daga gidajen rediyo masu zaman kansu, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ɗaliban jami'a, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin duwan, wato kwastan, da wata Hajiya mai shugabantar ƙungiyar mata a unguwarsu. Ɗakin bai dace da zafin bazarar Maraɗi ba. Fankoki biyu ne a silin, ɗaya ba ta juyawa, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai an yi kusan minti ashirin kafin a tayar da injin, wanda ƙararsa ke haɗuwa da ta masu gwada babura a ƙasa har sai malamin ya ɗaga murya kamar mai shela. Wanda zai yi rajista ya je da mafici da ruwansa, domin leda biyun da ake bayarwa ba sa kaiwa hantsi.

Malamin dattijo ne da ya yi aiki shekaru a ofisoshin jakadanci kafin ya huta, mutum mai sanyin magana wanda ba ya son a kira shi da wani laƙabi sai Malam. Asabar uku na farko sun tafi a kan tushe: Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, Yarjejeniyar Biyana ta 1961 a kan hulɗar jakadanci, Kundin Afirka na 1981 a kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, da tsarin bitar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa kowace ƙasa daga cikin 193 kusan duk shekara huɗu da rabi, inda sauran ƙasashe ke ba ta shawarwari, ita kuma ta karɓi wanda ta ga dama ta ajiye saura. Duk wanda ya taɓa karanta shari'a zai ga waɗannan makonni sun yi tsawo, kuma ni kaina na yi gyangyaɗi a na biyu. Abin da ya kai ni yana Asabar ta huɗu da ta biyar.

Ranar ta huɗu Malam ya shigo ya rubuta haruffa shida a allo, LGBTIQ, ya juyo ya dube mu. Ɗakin ya yi tsit. Dattijon duwan ya cire tabarau ya ce, “Malam, ashe abin da kuka tara mu ku koya mana ke nan?” Malam ya amsa cikin ladabi, ya ce, “Alhaji, kun yi shekaru kuna karanta takardun kaya a kan iyaka, kuma ba duk kayan da kuka duba kuke so ba, amma ba ku taɓa sa hannu a takardar da ba ku karanta ba.” Ya ƙara da cewa ba a biya shi don ya sauya wa kowa aƙida ba, shi ma yana da tasa, aikinsa shi ne ya nuna mana abin da ƙasashe suka rubuta, da abin da suka yi, da abin da ya biyo baya. Alhaji ya mayar da tabaransa, bai fita ba, kuma shi ne ya fi kowa tambaya har ƙarshen horon.

Abu na farko da Malam ya warware, wanda shi kaɗai a ganina ya biya rabin kuɗin, shi ne matsalar kalma. A bakinmu da gidajen rediyonmu, duk abin da ya shafi wannan batu “auren jinsi” ake ce masa, ko da takardar da ake magana a kanta ba ta ambaci aure ba ko sau ɗaya. Haruffan nan kuwa sun tattara mutane iri-iri: masu sha'awar jinsinsu, maza da mata, da waɗanda ke jin jinsin da aka haife su da shi ba nasu ba ne, har da mata-maza, waɗanda halittarsu ce ta zo haka kuma littattafan fiƙihunmu sun daɗe da sanin hukunce-hukuncensu. Sannan buƙatun da ƙasashen waje ke kawowa su ma hawa-hawa ne. Akwai neman a hana duka da kisa, akwai neman a cire hukuncin ɗauri daga kundin laifuka, akwai neman a hana korar mutum daga aiki ko asibiti, sai can a ƙarshe batun aure, wanda da wuya ya fito a takardun diplomasiyya. Ya ɗauko Ƙuduri na 275 na Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, wanda aka amince da shi a Luwanda a 2014, ya sa ɗaya daga cikin ɗaliban jami'a ta karanta mana shi daga farko zuwa ƙarshe. Bai cika shafi biyu ba. Abin da ya ƙunsa shi ne Allah wadai da kisa da fyaɗe da duka da kamun zalunci da ake yi wa waɗannan mutane, da kira ga gwamnatoci su hukunta masu aikata su, kuma ƴan Afirka ne suka rubuta shi. Hajiya ta ce ita dai ba ta ga abin faɗa a nan ba, tunda babu addinin da ya ba ɗan unguwa izinin ɗaukar sanda ya zama alƙali.

Daga nan ya bi tarihin yadda batun ya shiga zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a nan na gane cewa labarin “Turawa da sauran duniya” da muke maimaitawa bai cika daidai ba. Birazil ce ta fara gabatar da ƙuduri a 2003, aka yi ta ɗage shi har ya mutu. A Disamban 2008 Ajantina ta karanta wata sanarwa a Babban Zaure da sunan ƙasashe 66, ciki har da Gabon da Afirka ta Tsakiya da Gini Bisau, Siriya kuma ta karanta ta masu adawa da sunan ƙasashe 57. Amurka ba ta sa hannu ba sai a Maris 2009, bayan hawan Obama. Ƙudurin farko da ya samu wucewa a Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a Yunin 2011, Afirka ta Kudu ce ta kawo shi, ya tsallake da ƙuri'a 23 a kan 19. A 2016 aka ƙirƙiri muƙamin ƙwararre mai zaman kansa kan wannan batu da ƙuri'a 23 a kan 18, ƙasashen Latin Amurka ne a gaba, Afirka ta Kudu kuma a wannan karon ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Malam ya ja hankalinmu ga cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da ƙarfin doka a kan wata ƙasa, kuma ƙwararren ba ya iya shiga ƙasa sai da gayyatar gwamnatinta.

Inda darasin ya yi armashi sosai shi ne batun kuɗi, domin nan ne ainihin tambayar ɗalibina take. A Oktoban 2011, a taron ƙasashe renon Ingila da aka yi a Ostareliya, Firaminista David Cameron ya ce ƙasarsa na iya rage tallafi ga gwamnatocin da ke hukunta masu neman jinsi ɗaya. Shugaba John Atta Mills na Gana ya mayar da martani cewa ba zai taɓa goyon bayan halatta abin ba, kuma Ingila ba ta da hurumin tsara wa wasu al'adarsu. Wannan kowa zai iya hasashensa. Abin da ban taɓa ji ba, har sai da Malam ya raba mana kwafinsa, shi ne cewa ƙungiyoyin Afirka masu kare waɗannan mutane da kansu sun fitar da sanarwa a lokacin suna roƙon kada a yanke tallafi da sunansu. Hujjarsu ita ce idan aka rufe asibiti ko makaranta aka ce saboda su ne, to a kansu fushin unguwa zai sauka, ba a kan minista ba, kuma su ma a wannan asibitin suke karɓar magani.

Yuganda ce misalin da ya fi daɗewa a kai. Shugaba Museveni ya sa hannu a doka mai tsauri a Fabrairun 2014, Bankin Duniya ya dakatar da rancen dalar Amurka miliyan 90 na harkar lafiya, Holan da Nowe da Denmak suka janye ko suka karkatar da wani ɓangare na tallafinsu. A Agustan wannan shekarar kotun tsarin mulki ta soke dokar, amma ba don ta saɓa wa haƙƙin kowa ba, sai don ƴan majalisar da suka halarci zaman ba su kai adadin da doka ta tanada ba. Masu matsin lamba suka ɗauka sun yi nasara. Shekara tara bayan haka, a Mayun 2023, aka dawo da wata dokar da ta fi ta farko tsanani, har da hukuncin kisa a wasu sassa. Bankin Duniya ya tsayar da sabbin rance a Agustan 2023, Museveni ya ce ƙasarsa za ta ci gaba da rance ko babu rance, sannan a 2025 bankin ya koma ba da kuɗi alhali dokar tana nan. Malam ya ƙara da wani abu da ya sa aji ya yi dariya mai ɗaci: a matakin da Amurka ta cire Yuganda daga tsarin cinikin AGOA, wanda ya ba wasu kayan Afirka damar shiga kasuwar Amurka ba haraji, daga Janairun 2024, a nan ne ta cire Nijar da Gabon saboda juyin mulki. Sanda ɗaya ce, in ji shi, laifin da ake ambata ne ke bambanta, kuma mu da muka ga yadda takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana a 2023 ya kashe mana wuta ya tsayar da motoci a kan iyaka ba ma buƙatar a yi mana bayanin wanda ke shan wahalar takunkumi.

Ya taɓo batun jakadu a gurguje, kuma na so a ce ya tsaya a kansa. Amurka ta naɗa manzo na musamman kan wannan batu a 2015, Faransa ta naɗa jakada a 2022, wanda Kamaru ta ƙi amincewa da ziyararsa a Yunin 2023. A Zambiya an janye jakadan Amurka a ƙarshen 2019 bayan ya soki ɗaurin shekara 15 da aka yi wa wasu maza biyu. A Dakar kuwa, a 2013, shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya gaya wa Obama a gaban ƴan jarida cewa Senegal ba ta shirya cire abin daga jerin laifuka ba, ya kuma tuna masa cewa ita ta soke hukuncin kisa. A gefe guda ya jero ƙasashen da suka sauya dokarsu ba tare da irin wannan sa-in-sa ba: Mozambik a 2015 da Angola bayanta ta hanyar sabunta kundin laifuka, Botswana a 2019 da Namibiya a 2024 ta hanyar ƙarar da ƴan ƙasa suka shigar a kotunansu. Bai yanke mana hukunci ba, amma ni na yanke nawa: inda aka ga sauyi, daga cikin gida ya taso, inda kuma aka daka tsawa daga waje, ɗan siyasar gida ne ya samu abin yaƙin neman zaɓe, mutanen da aka ce ana karewa kuma suka ƙara shiga tasku.

Sai Asabar ta biyar muka iso Samoa. Malam ya kawo yarjejeniyar gaba ɗaya a bugawa, ya ajiye ta a tebur, ya ce duk mai so ya nemo inda aka ambaci auren jinsi ko waɗannan haruffa shida. An sa mata hannu ne a Nuwamban 2023 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, ta maye gurbin ta Kwatano ta shekarar 2000, Najeriya kuma ta sa nata hannun a Yunin 2024. Ƴan jaridar nan uku suka raba shafukan a tsakaninsu, suka yi kusan awa guda suna bi da yatsa, ba su samu ba. Abin da ke ciki shi ne daidaiton maza da mata, da lafiyar haihuwa, da hana wariya bisa jerin dalilai da aka rufe da cewa “ko wani matsayi na daban”. Malam bai ɓoye mana ba cewa Turawa sun so a ambaci batun ƙarara, ɗaya ɓangaren ya ƙi, kuma masu fargabar cewa wata rana za a faɗaɗa ma'anar wannan jimla ta ƙarshe ba mahaukata ba ne, domin haka lauyoyi ke aiki da kalmomi masu faɗi. Amma maganar an ba da biliyan 150 a kan sharaɗin auren jinsi ba ta cikin takardar. Ɗaya daga cikin ƴan jaridar ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi da bakinsa ya karanta wannan labari a iska.

Akwai inda horon ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Kundin da aka ba mu da Faransanci ne zalla, an yi masa fotokofi daga wani fotokofin har wasu lambobi sun shafe, kuma bayanansa sun tsaya a 2023. Babu komai a ciki game da juyin da aka samu a Amurka a 2025, lokacin da gwamnatin Trump ta fice daga Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, alhali wannan shi ne babban darasin batun: manufar da ke rataye a kan sakamakon zaɓen wata ƙasa tana iya ɓacewa a cikin wata guda, ta bar waɗanda suka dogara da ita a fili. Malam ya faɗi wannan da baki cikin minti biyar, amma wanda ya biya jika talatin ya cancanci ya same shi a rubuce.

Gazawa ta biyu ta fi damuna. Ya yi bayani mai kyau a kan yadda dokokin ƙasashe renon Ingila suka samo asali daga kundin laifukan da aka rubuta wa Indiya a 1860, da yadda Faransa ta cire wannan laifi daga dokarta tun 1791, abin da ya sa yawancin ƙasashen da ta rena ba su gaji irin wannan hukunci ba. Amma da aka zo kan yankinmu sai ya taka birki. Najeriya ta yi dokarta ta ɗaurin shekara 14 a Janairun 2014, Mali ta saka hukunci a sabon kundinta a ƙarshen 2024, Burkina Faso ta bi sahu a Satumban 2025, mu ma a nan tun Janairun 2023 hukumomi suka fara maganar saka shi a kundin laifuka. Hajiya ta tambaye shi kai tsaye ko matsin lambar waje ne ya jawo wannan jerin dokoki a ƙasashen da, in ban da Najeriya, a da dokarsu ba ta ce komai ba, ko kuwa dama can suna tafe. Ya ce lokaci ya ƙure, a bari sai mako mai zuwa, mako mai zuwa kuma aka shiga jarrabawa. Na fahimci dalilin taka-tsantsan ɗinsa, domin mutum ne mai iyali a gari, cibiyar kuma tana aiki da izinin hukuma. Duk da haka wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu. Haka nan a tsawon awa takwas da aka yi ana batun, an ji muryar shugabanni da jakadu da bankuna, amma in ban da wannan sanarwa ta 2011, ba a ji ta mutanen da ake maganar a kansu ba, kamar ba su da ƴan uwa ko maƙwabta a garuruwan Hausa, alhali kalmar ƴan daudu ba daga Turai aka kawo mana ita ba.

Ga ɗan jarida, da malamin makaranta, da duk wanda jama'a ke tambayarsa ma'anar abin da suka ji a waya, ina ganin horon ya cancanci kuɗinsa, musamman idan cibiyar za ta yarda ta sayar da Asabar ta huɗu da ta biyar su kaɗai a kan farashi mai sauƙi, ta sabunta kundin, ta kuma sa a fassara shi da Hausa. Wanda kuwa yake neman a ƙara masa hujjar abin da ya riga ya yanke, ko na goyon baya ko na adawa, zai fito da takaici, domin Malam ba ya ba kowa wannan.

Takardar shaidar ta fito bayan mako uku, an rubuta sunan mahaifina ba daidai ba, kuma sakatariyar ta ce gyara sai an biya dala ɗari biyu, wato jika guda. Ban biya ba tukuna. Kwafin Ƙuduri na 275 da shafukan Samoa da na roƙa a wurin Malam suna cikin jakata, na tanadar wa ɗalibin nan, wanda yanzu yake ajin ƙarshe yana shirin jarrabawar bak ta kammala sakandare.